KAFIN MU SAKE FITA DA YARA: Maganar Ramukan Da Aka Bar Mana A Bayan Gari



Tun ranar da muka sanar a taron wata cewa ƙungiya na son ta sake shirya fitar iyali zuwa bayan gari da zarar ruwa ya ɗauke, wayar sakatariya ba ta huta ba. Wasu iyaye sun kira sun ce ba da 'ya'yansu ba, har wata uwa ta tambaye mu ko mun gaji da yaran ne. Wasu matasa kuma sun ce mun cika tsoro, su so suke a kai su babban ramin nan da ruwa ya cika, a yi iyo, a ɗauki hotuna kamar yadda suke gani ana yi a Jos. Duka ɓangarorin biyu namu ne, kuma kowa na da hujjarsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu rubuta matsayinmu a nan, kowa ya karanta a tsanake kafin taro na gaba.

Bari mu fara da abin da ya faru a fitar bara, domin labarin ya yi ta canza kama a bakin mutane.

Lokacin sanyi ne. Mun tashi bayan gari ya waye, iyaye mata da kulolin kunu da ƙosai, yara suna ta tsalle, muka bi hanyar gonaki muka nufi gindin dutse. Wani dattijo mafarauci da muka roƙa ya yi mana jagora yana gaba. Mun wuce gonakin doya, mun shiga wani fili mai gamba, sai wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya zabura da gudu yana bin fara. Dattijon nan ya damƙo wuyan rigarsa ya fizgo shi baya. Da ya sa sanda ya kwantar da ciyawar, sai ga bakin rami, faɗinsa bai wuce na rijiya ba. Aka jefa dutse, sai da aka ɗan jira kafin a ji ƙararsa a cikin ruwa. Mai gonar da ke kusa ya ce masu neman zinare ne suka haƙa, ba su samu abin kirki ba suka yi gaba, kuma akuyarsa ta taɓa faɗawa. Babu wanda ya ji ciwo a ranar, alhamdu lillahi. Amma daga wurin zuwa gindin dutse mun ga ramuka irin wannan fiye da yatsun hannu, ban da manyan ramukan da katafila ta yashe.

A hanyar dawowa ne muka fahimci wani abu. Yaran da muka ɗauka a ranar, da yawansu suna bin wannan filin kusan kowane mako, neman itace, kiwo, tsintar kaɗanya ko harbin tsuntsaye da danƙo, kuma babu babba ko ɗaya tare da su. Mu ne ba mu san ramukan ba. Da mun zauna a gida a ranar, ramin yana nan, yaron ma yana nan, dattijon ne kawai da ba zai kasance a wurin ba.

Don haka matsayinmu shi ne: za a yi fitar, amma a kan hanya ɗaya da manya suka taka suka tantance, ba za a shiga ruwan kowane rami ba, kuma duk ramin da muka gani za mu rubuta shi mu kai wa waɗanda doka ta ɗora wa alhakin rufe shi.

Ga iyayenmu masu cewa a bari

Ba mu ga laifinku ba. Wanda ke zaune a ƙaramar hukumar Shiroro ba ya bukatar a yi masa wa'azi a kan haɗarin daji. Mun ga 'yan uwanmu daga Allawa, Kurebe, Bassa da sauran garuruwan hayin kogi sun baro gidajensu sun zo sun cika ajujuwan makaranta a Kuta da Gwada. Ba mu manta da harin da aka kai wurin haƙar ma'adinai na Ajata Aboki a ƙarshen watan Yunin 2022 ba, inda aka kashe sojoji da 'yan sanda, aka yi awon gaba da ma'aikata ciki har da 'yan ƙasar Sin. Ba mu manta da ranar 3 ga Yunin 2024 ba, da ramin haƙa ya rufta a Galadima Kogo bayan ruwan sama mai yawa, ya danne mutane da dama, iyalansu suka yi kwanaki a bakin rami suna jiran labari. Wanda ya ga waɗannan ya ce ɗansa ba zai leƙa bayan gari ba, hankali ne ya yi masa magana.

Abin da muke roƙo ku duba shi ne, waɗancan wurare ba su ne muke maganar zuwa ba. Ba za mu tsallaka kogi ba, ba za mu kusanci wurin da ake kan haƙa ba, ba za mu je inda idan an waiwayo ba a hango rufin gari ba. Kuma idan jami'an tsaro ko 'yan banga suka ce mana a dakata, ko da ana gobe fita ne, an dakata ke nan, babu jayayya.

Sannan akwai abin da muke asara idan muka kulle yara gaba ɗaya. Mu da muka haura arba'in mun taso mun san sunan kowane dutse da kowane rafi a kewayen garin nan. Mun san ɗorawa da kaɗanya da ɗinya tun daga nesa, mun san inda ƙasa ke da taushi da inda maciji ke son kwanciya. Yaran yanzu da yawa sun fi sanin taswirar da ke cikin wasan waya a kan hanyar gonar kakansu. Yaron da bai san ƙasarsu ba, ranar da ya girma aka zo da takarda aka ce an ba wani kamfani wurin, ba zai ma san me aka ɗauke masa ba.

Ga ƙannenmu masu son iyo da hoto

Ku kuma ku saurare mu da kunnen basira. Ruwan da ya taru a ramin haƙa ba irin ruwan rafi ba ne. Rafi yana da gaɓa, kana shiga yana ƙara zurfi a hankali. Ramin katafila kuwa bangonsa a tsaye yake, taku ɗaya daga baki sai ka ji babu ƙasa. Ruwan ƙasan yana da sanyin da ke ɗaure jijiya, gindinsa taɓo ne mai riƙe ƙafa, kuma bangon da ruwa ya jiƙa yana iya zabtarewa da wanda ke tsaye a kansa. Ko gwanin iyo a Kogin Kaduna bai isa ya yi wa irin wannan ruwa alfahari ba. Ga tsargiya, ga sauro, kamar kowane ruwa da ke kwance.

Akwai kuma haɗarin da ido ba ya gani. A wasu wuraren dutsen da ke ɗauke da zinare yana ɗauke da dalma. Idan aka fasa shi aka niƙa, ƙurar ta bi iska ta sauka a ƙasa, a tufafi, a abinci. A shekarar 2010 wannan guba ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da 'Yargalma, sai da Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta shigo aka yi ta jinya da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Kada wani ya ce ai Zamfara ce, da nisa. A 2015 ta faru a maƙwabtanmu, ƙaramar hukumar Rafi, a yankin Shikira, Magiro da Kawo, inda aka ba da rahoton mutuwar yara 28. Ƙananan yara ne suka fi cutuwa, domin su ne ke wasa da ƙasa suna kai hannu baki, jikinsu kuma ya fi zuƙar dalmar. Wanda bai mutu ba yana iya tashi da raunin ƙwaƙwalwa wanda ba ya warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auni na dalma a jinin yaro da za a kira shi maras illa. Haka ma zaiba da masu wanki ke zubawa don kama ƙwayar zinare, ba ta narkewa ta ɓace, tana nan a laka, tana shiga jikin kifi.

Ba mu ce kowane rami a kewayen Kuta yana da guba ba. Abin da muke cewa shi ne babu ɗayanmu da zai iya kallon ruwa da ido ya rarrabe. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Maganar Jos da ake ta kawowa

Gaskiya ne, a Rayfield da ke Jos akwai wurin shaƙatawa a bakin wani tafki wanda asalinsa ramin kuza ne, ana hawa kwalekwale, ana ɗaukar hoto. Amma ku ji sauran labarin. Tun farkon ƙarnin da ya wuce kamfanonin Turawan Ingila suka fara haƙar kuza a can, kuma kakannin Hausawa da yawa sun yi lebura a barikokin Bukuru da Barikin Ladi, wasu ma da tilas aka kai su lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da kasuwar kuza ta faɗi, kamfanoni suka tattara suka tafi, suka bar ɗaruruwan kududdufai da tsibin ƙasa. Manoman rani suna amfana da wasu wajen ban ruwan dankali da kabeji, wannan haka yake. Amma har yau ana jin labarin yara da dabbobi da suka nutse a cikinsu. An gyara Rayfield, amma da yawa suna nan yadda aka bar su shekara da shekaru. Wannan ne darasin Jos a wurinmu: ramin da ba a tilasta wa mai haƙa ya rufe ba tun yana nan, jikoki ne za su gada.

A ƙasar Jamus akwai wani yanki da ake kira Lausitz, inda aka daɗe ana yashe ƙasa ana kwasar gawayin kwal. A yau tsofaffin ramukan sun zama jerin tafkuna, da hanyoyin ƙafa da na keke, iyalai na zuwa da ƙananan yara. Tafkin Senftenberg, ɗaya daga cikin na farko, an fara cika shi da ruwa a 1967, sai bayan shekaru biyar aka gama. Bayan haɗewar ƙasar a 1990 gwamnati ta kafa kamfani na musamman don wannan gyara, aka daddanne bangon ramuka, aka kwantar da gaɓa, ana gwada ruwa ana zuba masa farar ƙasa don rage tsami. Duk da wannan ƙoƙari, a watan Yulin 2009 gaɓar wani irin wannan tafki ta zabtare a garin Nachterstedt ta tafi da gida, mutum uku suka rasu. Idan masu injiniyoyi da maƙudan kuɗi sun gamu da haka, mu da ba a ko dasa wa ramukanmu kara ba, da wace hujja za mu tura yara bakin ruwa?

Abin da doka ta ce

Mutane da yawa suna ɗauka rufe rami alfarma ce da mai haƙa zai yi idan ya ga dama. Ba haka ba ne. Ma'adinai na ƙarƙashin ikon Gwamnatin Tarayya, kuma Dokar Ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin da ya haƙa ya bar shi babu haɗari. Dokar ta kuma ce kafin ya fara aiki sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin, wadda ake sake dubawa duk shekara biyar. Ta tanadi asusun gyaran muhalli da masu lasisi za su riƙa zuba kuɗi a ciki, ta kuma kafa kwamitin ma'adinai da muhalli a kowace jiha. A watan Maris na 2024 Ministan Ma'adinai Dele Alake ya ƙaddamar da runduna ta musamman daga jami'an Sibil Difens don sa ido a wuraren haƙa.

To dokar tana nan a takarda. Matsalar ita ce, idan muka je ofis muka ce "akwai ramuka a bayan garinmu", za a ce mana a ina, guda nawa, wa ya haƙa, sai mu tsaya muna kallon juna. Nan ne fitar iyali ke da amfanin da ya wuce shan iska. Wayar da ke aljihunmu tana nuna daidai inda mutum yake tsaye. Idan manyan da ke tantance hanya suka rubuta kowane rami, da wurinsa, da girmansa, da hotonsa, da ko akwai ruwa a ciki, to takarda ce muka samu wadda ba a ture ta da baki. Gani ya kori ji.

Muna so a fahimce mu a kan abu ɗaya. Ba yaƙi muke yi da samarin da ke haƙa ba. Da yawansu 'ya'yanmu ne, wasu kuma 'yan gudun hijira ne da aka raba da gonakinsu, da wannan aiki suke ciyar da iyaye da ƙanne. Su ne ma ramin ke fara dannewa. Amma wanda ya iya haƙa rijiya ya iya mayar da ƙasarta kafin ya tashi, kuma dillalin da ya sayi zinaren da mai katafilar da ya kwashi kaso mafi tsoka ba su da bakin cewa babu kuɗin waya da allon gargaɗi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Haka masu ɗibar yashi da jar ƙasa don gini, ramukansu ma suna cika da ruwa, su ma maganar ta shafe su.

Sharuɗɗan da kwamiti zai gabatar

1. Ba fita a damina. Sai ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe ko an ƙone ta, ana ganin ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya fi.

2. Kafin komai za mu je gaisuwa wurin masu sarauta da masu gonaki. Ƙasar nan ta 'yan uwanmu Gbagyi tana da wuraren da suke girmamawa a kan duwatsu. Inda aka ce kada a taka, ba za a taka ba, kuma muna gayyatar iyalansu mu fita tare.

3. Manya huɗu ko biyar tare da mafarauci za su bi hanyar kwana biyu kafin ranar, su kafa alama a duk ramin da ke kusa.

4. Za a sanar da ofishin 'yan sanda da shugaban 'yan banga. Ba za a rubuta rana ko hanya a Facebook ko a zauren WhatsApp ba. Hotuna sai an dawo gida.

5. A tashi da ƙarfe 7, a dawo kafin 11. Tafiyar ba za ta wuce kilomita 4 zuwa da dawowa ba, yadda ɗan shekara shida da kakarsa za su iya.

6. Babba ɗaya ga yara huɗu. Babba a gaba, babba a baya, da usur a wuya. Kowa da takalmi mai rufi saboda ƙaya da maciji.

7. Babu mai matsawa kusa da bakin rami ƙasa da taku goma. Babu iyo, babu wanke hannu ko ƙafa, babu kamun kifi a ruwan rami.

8. Ruwan sha da na wanke hannu daga gida za a zo da shi, da sabulu. Ba a cin abinci kusa da inda aka taɓa niƙa dutse ko wankin zinare.

9. Ba a ɗauko dutse mai ƙyalli a kai gida. Idan an dawo a kakkaɓe takalma a waje, yara su yi wanka. Masu juna biyu da yara masu rarrafe su tsaya a inuwar da za a yada zango.

Wannan shara ta tara, muna so iyaye mata su riƙe ta ko ba a fita ba. Duk gidan da ake shigo da dutse ana dakawa a turmi ko ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, don Allah a daina. Haka abin ya fara a Zamfara da Shikira. Idan yaro daga irin wannan gida ya fara jijjiga, ko amai da kasala babu dalili, a kai shi asibiti a kuma gaya wa likita irin sana'ar gidan.

Abin da za mu nema bayan an dawo

Jerin ramukan da muka tattara za mu kai kwafinsa ga hakimi, ga kansilolinmu, ga shugaban ƙaramar hukuma, ga ɗan majalisarmu na jiha, da ofishin ma'adinai na tarayya da ke Minna. Buƙatunmu uku ne. A cike ƙananan ramukan da ke kusa da gonaki da hanyar makaranta. A kewaye manyan da waya a kafa allon gargaɗi da Hausa da Gbagyi da Turanci. A kuma aiko masana su gwada ƙasa da ruwa a wuraren da aka yi niƙa da wanki, a faɗa wa jama'a sakamakon a fili. Ƙaramar hukumar da ta ba ƙasa madatsar ruwan Shiroro mai megawat 600 tun 1990 ba ta yi roƙon da ya wuce kima ba idan ta nemi a rufe mata rami.

Waɗanda ba su fi ƙarfin shebur ba kuma, ba sai mun jira kowa ba. Aikin gayya na Asabar ɗaya, da izinin mai gona, zai rufe ramin da yaron nan ya kusa faɗawa. Sakatariya ta buɗe rajistar masu son ba da hannu, shebur, baro ko abincin ma'aikata.

Ga uwar da ta tambaye mu ko mun gaji da yaran ne: Hajiya, ba mu gaji ba. Ki zo taron, ki zo da sauran matan unguwa, ku duba sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuka ga bai yi ba a gyara, kuma idan kuka ce hanyar da aka zaɓa ba ta kwanta muku ba, za a canza ta. Wanda ya san wani rami a gonarsa ko a hanyar da yaransa ke bi, ya same mu a sakatariya ya faɗa mana, kada ya rubuta wurin a ƙarƙashin wannan rubutu.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa a ramuka da hare-hare, Ya mayar da 'yan gudun hijira gidajensu lafiya, Ya tsare mana zuri'a, Ya zaunar da Shiroro da Jihar Neja lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin Kwamitin Gudanarwa, Kuta.